Sirrin Maki Ɗaya: Me Ya Sa Gunki Mai Daraja 16 Ba Ya Faɗuwa?

A shekarar 2002 kamfanin Wizards of the Coast da ke Amurka ya fitar da littafi mai suna Deities and Demigods domin masu buga wasan Dungeons & Dragons. Wasa ne da ake zama a kewaye tebur, kowa riƙe da takardar jarumin da ya ƙago, mutum ɗaya yana jan ragamar labari. In an zo wurin da ba a san yadda za ta kaya ba, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 ya raba gardama. Littafin, wanda Rich Redman da Skip Williams da James Wyatt suka rubuta, ya ɗauko gumakan tatsuniyoyin Girkawa da na Misirawan da da na mutanen arewacin Turai, ya haɗa da waɗanda wasan ya ƙago wa kansa, ya ba kowanne lamba ɗaya da ke nuna darajarsa. Masu daraja 1 zuwa 5 su ne 'yan ƙasa-ƙasa, 6 zuwa 10 ƙananan gumaka, 11 zuwa 15 matsakaita, 16 zuwa 20 kuma manya.

Ga abin mamakin. Ka ɗauki takarda ka gina gumaka biyu tagwaye, ƙarfinsu ɗaya, takobinsu ɗaya, komai nasu ɗaya, in ban da daraja. Ka ba ɗaya 12, ɗaya 11, ka sa su kara. Na saman zai fi yin nasara, amma na ƙasan zai ba shi wuya, wani lokaci ma ya kayar da shi. Yanzu sake gina su, wannan karon ɗaya 16, ɗaya 15. Tazarar ba ta canza ba, maki ɗaya ce tak. Amma a nan babu faɗa, sai yanka. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

To, ina ƙarfin nan ya fito? Duk mai tsara wasa, da duk mai jan ragama da ya taɓa son ya haɗa gumaka biyu a fage ɗaya, yana bukatar amsar. Bari mu bi sawu.

Wanda ake fara zargi: lambar kanta

Dokar littafin ta ce gunki yana ƙara darajarsa a kan jifan da yake kai hari da shi, da jifan tsira daga sihiri ko guba, da jifan gwada gwaninta, da kuma makin kariyarsa. A ɗan ludo mai fuska 20, maki ɗaya daidai yake da kashi 5 cikin 100. Kaɗan ne. Sai dai in an dubi dokar kariya da kyau, za a ga darajar ta shiga sau biyu: sau ɗaya a matsayin garkuwar da ke lulluɓe gunki, sau ɗaya kuma a cikin taurin fatarsa, wanda ga yawancinsu ake lissafa shi da daraja a tara da 13. Kenan kowane mataki yana ba da maki ɗaya a hari, biyu a kariya.

Mu lissafa. A ce sa'ad da tagwayen suke daraja ɗaya, kowanne yana bukatar 11 ko fiye kafin sararsa ta kama, wato rabi da rabi. Ɗaga ɗaya da mataki guda. Shi yanzu 10 yake nema, damarsa ta zama 55 cikin 100. Ɗan'uwansa kuwa 13 yake nema, tasa ta koma 40. Tazarar ta fi yadda ido ya fara gani, kuma wannan abin lura ne. Amma lissafin nan ɗaya ne ko tsakanin 12 da 11 ne, ko tsakanin 16 da 15. Abin da bai bambanta faɗan biyu ba, ba zai zama sanadin bambancinsu ba. Mun sallami wanda ake zargi na farko.

Na biyu: yawan baiwa

Kowane gunki yana da wasu baiwa na musamman da yake zaɓa, irin su harba hasken hallaka, ko kafa garkuwar da ke shanye duka, ko juya abu ya zama yadda yake so. Yana samun baiwa ɗaya a kan kowane matakin daraja, sannan a yi masa gyara gwargwadon rukuninsa: 'yan ƙasa-ƙasa ɗaya, ƙanana biyu, matsakaita uku, manya biyar. Mai daraja 11 yana da 14, mai 12 yana da 15. Mai daraja 15 yana da 18, mai 16 kuma 21.

A nan mun fara jin ƙanshin wani abu. Tsakanin 11 da 12 bambancin baiwa ɗaya ce, tsakanin 15 da 16 uku ce. Ashe matakan ba tsawonsu ɗaya ba, akwai wurin da ake tsalle, kuma wurin shi ne iyakar rukuni da rukuni. Duk da haka wannan bai warware matsalar ba. Kwashe dukan baiwar nan, ka bar tagwayen da takubba kawai, mai daraja 16 zai ci gaba da yi wa ɗan'uwansa kaca-kaca. Baiwa ta nuna mana inda za mu duba, amma ba ita ce ta yi aika-aikar ba.

Na uku: ƙofar da ke buɗuwa ta gefe ɗaya

Gumakan wasan suna da rigakafi daga abubuwa da dama. Ba a rikiɗa su su zama dutse ko dabba, ba a tsotse musu ƙarfi, ba a juya musu tunani. Sai dokar ta ƙara wani sharaɗi: rigakafin ba ya aiki in wanda ya kawo harin gunki ne mai daraja daidai da tasa ko wadda ta fi. Haka nan gunki yana iya toshe idon wanda yake daidai da shi ko ƙasa da shi, ya hana shi leƙen wuri, amma ba ya iya toshe na sama da shi.

Wannan doka tana da nauyi ƙwarai. Mai daraja 12 zai iya gwada juya tunanin mai 11, mai 11 kuwa ko gwadawa ba zai yi ba. A nan lambar ta daina zama abin da ake tarawa, ta zama abin da ake kwatantawa: wa ya fi wa? In ka fi ni da ɗaya, tamkar ka fi ni da goma ne. Sai dai ita ma wannan doka tana aiki a kowane mataki, daga 1 har 20. Ta bayyana dalilin da ya sa na ƙasa yake shan wuya a ko'ina, ba ta bayyana dalilin da ya sa wuyar ta zama halaka a mataki na 16 ba. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Amma mu riƙe darasinta, za mu bukace shi: lamba ɗaya tana aiki iri biyu.

Abin da ya ɓace daga kan tebur

Tun da muka fara, muna duba abin da aka ƙara wa gunki. Ba mu tambayi abin da aka ɗauke masa ba. Ga shi a wasu 'yan layuka da ido ke saurin tsallakewa. Ƙananan gumaka, in za su gwada gwaninta, suna da damar ƙin jefa ɗan ludo su ɗauka 10 ce ta fito. Matsakaita, a irin wannan gwaji, kullum 20 ake rubuta musu. Manya kuwa, daga daraja 16, ana ba su mafi girman abin da ɗan ludo zai iya bayarwa a komai: a hari, a tsira, a gwaji, da yawan ɓarnar da dukansu ke yi. Ana jefa ɗan ludon ne kawai don a ga ko sarar ta zama mummuna mai ninki.

Mu koma ga tagwayenmu da wannan a hannu. A wasan, babban jarumi yana kai sara huɗu a zagaye guda, kowace ta fi ta gabanta wuyar kamawa da maki 5. Na ƙasa yana neman 13 a ta farko, 18 a ta biyu, biyun ƙarshe kuma sai in 20 ce ta fito da kanta. A zagaye 100 zai sari abokin karawarsa kimanin sau 65. Mai daraja 12 yana neman 10, da 15, da 20, da 20, don haka nasa kimanin 95 ne. Casa'in da biyar da sittin da biyar faɗa ne, mai rauni yana da abin da zai sa rai a kai. Mai daraja 16 kuwa, tun da 20 ce a hannunsa kullum, sararsa uku na farko ba sa kuskure. Aƙalla 300 kenan a kan 65.

Ɓarnar ma haka take. Hasken hallakan nan yana cin ɗan ludo mai fuska 12 guda ɗaya a kan kowane matakin daraja, ban da ƙarin da kwarjinin gunki ke kawowa. Mai daraja 11 yana samun kimanin 71, mai 12 kimanin 78. Mai daraja 15 yana samun kimanin 97, mai 16 kuwa 192 cif, kowane lokaci. In na ƙasa ya koma ga sihiri, na sama yana da 20 a jifan tsira, sai dai in sihirin ya kai tsananin da ko 20 ba ta isa ba.

Ga bakin zaren. Maki ɗaya ƙarami ne muddin akwai ɗan ludo da ke iya haɗiye shi. In mutum biyu suna gasar gwaninta, ɗaya ya fi ɗaya da maki guda, kowa ya jefa nasa, na saman zai ci kimanin sau 57 cikin 100. Ka ɗauke ɗan ludon ka ba kowa 20, na saman zai ci sau 100 cikin 100, da wannan maki ɗayan dai. Sa'a ita ce rabon mai rauni a wasa. Lambar daraja tana kama da tsani mai matakai 20 masu tazara ɗaya, amma a hakika bene ne mai hawa huɗu, kuma wanda ke hawan ƙarshe ya janye tsanin.

Saura hanya ɗaya ga na ƙasa: dabara, kwanton ɓauna, haɗa kai da wasu a ɓoye. Ita ma littafin ya rufe ta. Kowane gunki yana da huruminsa, kamar yaƙi ko teku ko mutuwa, kuma yana jin abin da ke faruwa a cikinsa. Ɗan ƙasa-ƙasa yana ji in abin ya shafi mutum 1,000, ƙarami in ya shafi 500, matsakaici yana jin komai har da abin da ya wuce. Babba yana ji har da abin da bai faru ba tukuna, mako ɗaya a kan kowane matakin daraja. Gunkin yaƙi mai daraja 16 ya san da yaƙin da za a ɗaura masa makonni 16 kafin a zare takobi.

Me ya sa aka yi haka?

An gano yadda aka yi, saura dalili. Marubutan ba su yi wannan da ganganci ba, gadon wata tsohuwar matsala suka ɗauka. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan a 1974. Bayan shekara biyu, a 1976, aka buga Gods, Demi-Gods & Heroes na Robert Kuntz da James Ward, inda aka ba Odin makin rai 300, wato yawan dukan da zai iya ɗauka kafin ya mutu. Gabatarwar littafin ta nuna manufar ita ce a kunyata masu kumbura jarumansu fiye da kima, su ga ko shugaban gumaka iyakarsa kenan. Sai abin ya juye. 'Yan wasa suka ga duk abin da aka rubuta wa makin rai, ana iya ƙarar da shi. Littafin gumaka na gaba, na 1980, ya ɗaga shugabannin gumaka irin su Zeus zuwa 400, amma a wannan shekarar dai aka fitar da labarin da ake shiga har gidan Lolth, sarauniyar gizo-gizo, mai makin rai 66 kacal.

Bugu na biyu na wasan ya bi wata hanya. Littafin Legends & Lore na 1990 ya ƙi ba gumaka lambobi, ya ba wakilan da suke aikowa duniya cikin siffar jiki. Ka kashe wakili, mai shi yana nan. Marubutan 2002 suka so su haɗa biyun: su mayar wa gumaka lambobinsu, kuma su tabbatar babu jarumin da zai shiga gidan Zeus ya fito da kansa. Sai suka ɗora wa lamba ɗaya aikin ma'auni da aikin katanga. Katangar da aka gina don tare 'yan Adam ita ce ta raba gumakan da junansu.

Akwai shaida a cikin littafin kansa cewa iyakar rukuni ce ke yanke hukunci. Dubi inda aka ajiye tsofaffin abokan gaba. Heironeous da Hextor, 'yan'uwan da ba sa ga maciji, dukansu matsakaita ne. Corellon da Gruumsh dukansu manya. Bahamut da Tiamat dukansu ƙanana. Gabar nan tasu, da ake so ta dawwama, a hawa ɗaya take zama. Da an raba su hawa, da labarin ya ƙare a zagayen farko.

Gwaji a wani wasa

In bayanin nan gaskiya ne, ya kamata a ga irin cutar a duk inda tabbas ya rinjayi sa'a. Wasan Scion da kamfanin White Wolf ya fitar a 2007 ya ba da misali. A can 'yan wasa 'ya'yan gumaka ne da ke hawa daga jarumi har su zama gumaka, kuma ana jefa tarin 'yan ludo masu fuska 10 a ƙirga nasarori. Kowane ɗan ludo yana kawo rabin nasara a matsakaicin lissafi. Amma akwai ƙarfin gado da ke ba da nasarori kyauta ba tare da jifa ba, kuma ga yadda yake hawa: 1, 2, 4, 7, 11, 16, 22, 29, 37, 46. A ƙasan jerin, mataki ɗaya nasara ɗaya ce, 'yan ludo biyu sun rufe ta. Tsakanin mataki na bakwai da na takwas kuwa nasara 7 ce, sai an sami ƙarin 'yan ludo 14 kafin a cike giɓin. Hanyar dabam ce, makomar ɗaya: ana jifa, amma jifan ba ya canza komai. Bugu na biyu na wasan, wanda kamfanin Onyx Path ya fitar, ya ajiye wannan jeri ya kawo wani tsarin auna girma.

Maganin da aka samo

Gyaran ba ya nufin a daidaita babba da ƙarami. Gunkin da kowa ke iya kayarwa ya rasa kwarjininsa, labarin ma ya rasa gishiri. Abin da ake nema shi ne tazarar ta zauna da girmanta, amma a bar wa na ƙasa hanya, ko da mai tsada ce.

Bugu na huɗu na Dungeons & Dragons, na 2008, ya tsayar da jarumai a mataki na 30, ya ajiye Tiamat a na 35. In aka cinye rabin ranta sai jikinta ya watse ta tsere, ba ta mutuwa sai an riga an cika wasu sharuɗɗa ta hanyar doguwar tafiya da nema. An fitar da katangar daga lissafi an mai da ita cikin labari, inda 'yan wasa za su iya yi mata aiki.

Bugu na biyar, na 2014, ya taɓa tushen. Ya matse lambobi su zauna cikin faɗin ɗan ludo. Ƙarin gwaninta da jarumi ke samu yana tashi ne daga 2 zuwa 6 kawai a matakai 20. Tiamat ta labarin The Rise of Tiamat tana da makin rai 615, amma kariyarta 25 ce, wadda ƙwararren mayaƙi mai takobin tsafi zai iya ketawa kusan rabin lokaci. Ƙarfinta ya koma ga yawan rai da yawan abin da take yi a zagaye guda, abubuwan da taron jarumai ke iya ragewa sannu a hankali, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yi da tabbas. In ta faɗi jifan tsira, tana iya cewa ta ci, amma sau biyar kawai a rana. Ikon babban gunkin 2002 ne aka dawo da shi, sai dai yanzu yana ƙarewa, kuma 'yan wasa suna ƙirga shi. Bugu da ƙari, duk ɓarnar da suka yi wa tsafin kiran ta kafin ta fito tana rage mata ƙarfi.

Wasan Amber na Erick Wujcik, na 1991, ya tafi can ƙarshe: babu ɗan ludo sam, wanda ya fi daraja a abu shi ke cin gasar wannan abin. Duk da haka mai rauni bai rasa mafita ba, domin darajar kashi huɗu ce: ƙarfin tunani, ƙarfin jiki, juriya, da iya yaƙi. Wanda ya fi ka takobi, ka ja shi kokawa, ko ka ja faɗan ya yi tsawo har ya gaji. An ɗauke sa'a, an ba da zaɓin fage a madadinta.

Wannan ya nuna abin da littafin 2002 ya rasa. Ya ɗauke sa'a, ya ɗauke dabara, kuma ya jingina komai ga lamba ɗaya, don haka babu wani fage da za a koma. Mai jan ragamar da ke amfani da shi har yau yana iya gyarawa da hannunsa. Ya taƙaita 20 ta dindindin ga abin da ke cikin hurumin gunki, yadda mai teku zai gagara a teku amma ya jefa ɗan ludo kamar kowa a tudu. Ko ya mai da ita abin ƙirgawa, sau kaɗan a rana gwargwadon daraja. Ya kuma sa rigakafi ya faɗi ne in tazarar ta kai matakai da dama, maimakon mataki ɗaya.

Kai da ke zaune da takarda kana tsara darajojin gumakan wasanka, kafin ka rubuta abin da na sama zai samu, rubuta abin da ya rage wa na ƙasa. Ka haɗa na ƙarshen kowane rukuni da na farkon rukunin da ke bisansa, ka lissafa faɗansu zagaye 100. In ka tarar na ƙasa ba shi da sa'a, ba shi da dabara, ba shi da fagen da zai ja abokin karawarsa, to ka koma ka buɗe masa ɗaya daga cikin ukun kafin ka kira mutane kan tebur.